Kalapanzin a Kakuri: Nazari Kan Labarin Yaƙi a Bakin 'Yan Mazan Jiya

Labarin yaƙi na baka, wato bayanin da tsohon soja kan yi da bakinsa game da abin da ya gani a fagen daga, reshe ne na adabin baka wanda masana Hausa ba su ba shi kulawar da suka ba tatsuniya da kirari da waƙoƙin fada ba, alhali yana da tsarinsa da masu sauraronsa da wuraren da ake yin sa. Masu ba da shi su ne waɗanda ake kira 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin da suka ajiye kaki bayan sun yi yaƙi, kuma mafi yawansu ƙananan sojoji ne, daga farabiti zuwa kofur da saje da samanja, waɗanda ba su bar wani rubutu a bayansu ba. Tarihin sojan Nijeriya da ke cikin littattafai hafsoshi ne suka rubuta shi, da fari Turawa, daga baya janar-janar na gida, kuma kusan dukkansa da Ingilishi. Shi kuwa wanda ya ɗauki kaya a ka, ya haƙa rami, ya kwana cikin ruwan sama, da Hausa ya riƙe nasa tarihin, kuma wannan kaso ne yake gab da salwanta.

Ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan al'amari. Kaduna garin soja ne tun asalinsa, domin dakarun rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897, wadda aka fi sani da WAFF, sun riga sun sauka a wurin kafin a mayar da hedikwatar mulkin Arewa daga Zungeru a 1917. Ofisoshin gwamnati da gidajen manya sun zauna a arewacin kogi, kudanci kuwa ya zama wajen tashar jirgin ƙasa da masana'antu da unguwannin ma'aikata. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kuma a nan ne aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, wadda ta yi wa sojojin tarayya harsasai a lokacin yaƙin basasa. Sojan da aka sallama, wanda sau da yawa ya daɗe da barin gona har komawa ƙauye ta yi masa wuya, yakan nemi aikin gadi ko masinja ko direba, kuma irin waɗannan ayyuka sun fi samuwa a inda masana'antu suke, don haka Kakuri da Makera da Nasarawa da Sabon Tasha suka tara iyalai masu yawa waɗanda tushensu bariki ne.

Waɗannan iyalai ba ƙabila ɗaya ba ne, kuma wannan ya shafi labarin kai tsaye. Tun daga ƙungiyar 'yan bindigar da Glover ya tara a Legas a 1863 Turawa suke kiran sojojinsu Hausawa, amma rundunar ta cika da Tibi da Zuru da Angas da Bachama da Barebari da mutanen kudancin lardin Zazzau, har da waɗanda suka tsallako daga yankunan mulkin Faransa. Abin da ya haɗa su shi ne Hausa, domin da ita ake ba da umarni, hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta, kuma a cikin bariki ta rikiɗe ta zama barikanci, wata Hausa mai sauƙin nahawu wadda ba ta damu da bambance namiji da mace ba, cike da kalmomin fareti. Da wannan harshe aka ba da mafi yawan labaran yaƙi a unguwannin kudancin Kaduna, har a gidajen da Hausa ba ita ce harshen uwa ba.

Barikin sojojin igwa da ke Kakuri sunansa Kalapanzin, kuma kaɗan ne daga cikin masu wucewa ta ƙofarsa za su iya faɗin inda sunan ya fito. Kalapanzin kogi ne a yankin Arakan na yammacin Burma, ƙasar da a yau ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta haɗa runduna biyu daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82, ta tura su yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, ta sama ake jefo mata abinci da harsasai, yayin da birged ɗinta guda na 'yan Nijeriya aka ware shi aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Runduna ta 82 ta gangara kwarin Kalapanzin a watan Disamba na 1944, ta haye tsaunuka masu duhun daji, ta haɗu da 'yar'uwarta suka karɓe Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a Janairun 1945. Daga wannan tafiya aka samo sunayen barikoki da dama: Dalet a Kawo, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas.

Alamar da sojojin runduna ta 82 suke ɗinkawa a kafaɗa ta faɗi abin da littattafai da yawa suka tsallake, domin mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Babban kaso na mutanen rundunonin biyu 'yan dako ne a cikin kaki, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar akwatunan harsashi da sassan igwa da buhunan abinci a ka, su hau dutse su sauka, su ratsa rafuka, da yawansu da adda kawai a hannu. Wannan ne ya ba rundunonin damar shiga inda mota da alfadari suka gaza, kuma saboda shi ne hukumomin sojan Ingila suka ga amfanin kai su can. Amma rahoton yaƙi yana lissafa tudun da aka kama da sunan hafsan da ya jagoranci harin, ba ya lissafa wuyan da ya sage a ƙarƙashin kaya. Littafin Defeat into Victory na Janar Slim, wanda ya fito a 1956 kuma ya zama madogara kan yaƙin Burma, bai ba sojojin Afirka wuri mai yawa ba, kuma sai a 2001 John Hamilton, wanda ya yi aiki a runduna ta 81, ya fitar da War Bush don cike wannan giɓi, ko da yake shi ma da idon hafsa ya kalli al'amarin. Muryar ƙaramin soja a rubuce ba ta da yawa: akwai tarihin Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe shi a bakin Kaladan wani iyalin ƙauye suka ɓoye shi watanni, akwai kuma ƙagaggen labarin Burma Boy na 2007, wanda Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya gina a kan abin da ya ji daga mahaifinsa. A ɓangaren Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta kawo labaran yaƙin, Sa'adu Zungur kuma ya yi waƙar Maraba da Soja, sai dai duka biyun magana ce game da soja daga bakin wanda ba soja ba.

Idan aka dubi yadda labarin baka yake tafiya, za a ga ba ya bin shekara da wata, yana bin jiki ne da wuri. Yakan faro daga ranar ɗauka, ko mutum ya kai kansa saboda talauci ko neman suna, ko kuwa hakimi ne ya cike adadin da aka ɗora wa gundumarsa, sannan horon kurtu a Zariya, sai jirgin ƙasa, sai teku, wanda ga mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Kwara ba yakan ci wuri a labarin fiye da wata arangamar. Ana auna lokaci da damina da azumi da Kirsimeti da ranar da wane ya faɗi. Yunwa da ƙaiƙayi da zazzaɓi da ruɓewar ƙafa a cikin takalmi suna samun bayani dalla-dalla, haka ma laya da addu'a da mafarkin da ya gargaɗi mutum, abubuwan da marubucin tarihi kan zubar a matsayin camfi alhali su ne suke nuna yadda soja ya iya jure tsoro. Sau da yawa wani abu na hannu ne yake buɗe bakin mai labari, kamar littafin sallama da aka naɗe a leda aka ajiye a ƙasan akwati, ko lambar yabo ta Burma, tauraro mai tsini shida na tagulla da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Labarin ya fi zuwa a gutsure, a benci a ƙofar masana'anta da dare, ko wurin zaman makoki, ko a layin fansho, kuma da wuya a sami wanda ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, ya haifar da sabon rukunin masu labari wanda ya ninka na farko, domin rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba kafin yaƙin ta kai kimanin 250,000 a ƙarshensa, kuma an sake kiran tsofaffin sojojin Burma don su riƙe sababbin da aka yi wa horon gaggawa. A wannan karo 'yan ƙasa sun yi rubutu, amma manya ne: My Command na Obasanjo da littafin Alexander Madiebo a 1980, Why We Struck na Ademoyega a 1981, The Tragedy of Victory na Alabi-Isama a 2013. Mafi yawan waɗannan littattafai gardama ce tsakanin hafsoshi kan wanda ya yi daidai da wanda ya ci nasara. Sojan runduna ta ɗaya da ya bi Kanar Mohammed Shuwa daga Nsukka zuwa Inugu, ko na runduna ta biyu da ya tsira daga yunƙurin tsallaka Kwara zuwa Onitsha a ƙarƙashin Murtala Mohammed, yana bayyana a cikinsu a matsayin adadi kawai.

Son da ake yi wa wannan labari bai kamata ya rufe ido daga rauninsa ba. Mai ba da shi ya ga ɗan yankin da ke gaban raminsa ne, kuma yakan haɗa abin da ya gani da abin da ya ji a rediyon Kaduna ko a bakin abokai har shi kansa ya kasa rabewa. Maimaitawa tana goge labari, jarumtaka tana ƙaruwa, gudu yana raguwa. Mafi nauyi shi ne shirun da ke cikinsa. Kisan da aka yi wa 'yan kudu maso gabas a garuruwan Arewa a 1966, da kisan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, da yunwar da ta cinye yara a yankin Biyafara, da abin da ya sami mata a garuruwan da aka kama, ba su cika fitowa a hirar ƙofar gida ba, wani lokaci saboda kunya, wani lokaci saboda ciwon da mutum bai sami sunan da zai kira shi da shi ba. Mai nazari na gaskiya zai ɗauki wannan shiru a matsayin shaida, ya kuma ajiye labarin sojan tarayya kusa da na wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren, musamman da yake a unguwannin kudancin Kaduna iyalan ɓangarorin biyu suna zaune katanga ɗaya.

Akwai kuma tasirin fansho, wanda ya sauya launin labarin baki ɗaya. Sojojin Burma sun dawo a 1946 da kuɗin sallama da bai kai na takwarorinsu Turawa ba, na yaƙin basasa kuma da yawa sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, suna zuwa tantancewa, wato bayyana da takardu don tabbatar da cewa mutum yana raye kuma shi ne mai lambar. Wanda ya saba ba da tarihinsa a gaban teburin jami'i yakan mayar da shi ƙara, ya jera lambarsa da bataliyarsa da tabon da ke jikinsa, ya bar sauran. Bikin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda ta maye gurbin 11 ga Nuwamba na zamanin Turawa, shi ma bai buɗe wata ƙofa ba, domin fareti ne da ajiye furanni da sakin tattabaru da jawabin gwamna, tsofaffin suna tsaye a sahu da lambobinsu, ba a tsara wani lokaci da za a saurare su ba.

A Kaduna wani abu ya ƙaru a kan wannan. Rikicin shari'a na 2000 da wani rikicin addini na Nuwamban 2002 sun sa mutane sun yi ƙaura bisa addini, Kiristoci suka fi taruwa a kudancin kogi, Musulmi a arewaci, masaƙun kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007. Da haka wuraren da tsofaffin abokan rami suke haɗuwa suka ragu, kuma labarin da a cikinsa Musulmi ya ɗauko Kirista daga bakin wuta, ko Kirista ya yi gadi Musulmi ya yi salla, ya rasa masu sauraro a daidai garin da ya fi bukatar jin sa.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1944 ya haura ɗari a yau, wanda ya shiga a 1967 kuma ya kusa 80, sannan ga waɗanda suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta, da waɗanda ke dawowa daga arewa maso gabas. Kaduna tana da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA da jami'ar jiha, kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ta san inda mutanenta suke. Ya kamata waɗannan cibiyoyi su tura ɗalibai Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha da na'urar ɗaukar murya, su ɗauki labarin a harshen da aka ba da shi ba tare da gyara barikancinsa ba, su saurari matan bariki da zawarawan sojoji, su ɗauki hoton littattafan sallama kafin gara ta cinye su, kuma su ajiye kwafi a inda iyalan masu labarin za su iya zuwa su saurara.