Sharhi a kan Rabe-raben Tarone: Wurin Koyo da Dabarun Mai Koyon Harshe

A shekarar 1977 Elaine Tarone ta kasa dabarun da mai koyon harshe na biyu yake bi idan kalma ta ƙwace masa gida biyar: kauce wa zancen, kwatance, aro daga harshen uwa, neman taimako, da nuni da hannu. Wannan rabo yana da amfani, amma akwai rauni a tushensa. An samo shi ne daga masu koyon Ingilishi waɗanda aka sa su bayyana hotuna, saboda haka bai nuna yadda wurin koyo yake zaɓar wa mutum dabara ba.

Misali daga ƙasar Maraɗi zai fayyace haka. Ɗan lakwal a Jiratawa, idan ya rasa sunan garma da Faransanci, yakan yi shiru, domin kuskure yana jawo jan biro, kuma tsohuwar al'adar rataya sambol ta mai da Hausa laifi a aji. Shi kuwa Buzu ko Bafillace mai koyon Hausa a kasuwar Maraɗi, shiru asara ne gare shi. Sai ya nuna, ya kwatanta, ya tambaya, har ciniki ya faɗa.

Ke nan aji ne ya koya wa yaron shirun. Makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, inda ake soma karatu da Hausa, sun sassauta wannan takunkumi. Ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su fara duba ko saƙon mai koyo ya isa, kafin su ƙirga kurakuransa.