Azna na Adar: jitar da ta daɗe a ma'ajiyar rediyo

In ana zancen jitar ƙasar Nijar a ƙasashen waje, sunayen da ake fara kamawa su ne Bombino na Agadas da Mdou Moctar, kuma sun cancanci yabon da ake yi musu. Amma tun kafin duniya ta san su, akwai wata ƙungiyar makaɗa a Tawa da ta ɗauki jitar lantarki da gangunan Turawa tun cikin shekarun 1970, ta yi ta raya bukukuwa da dandalin matasa shekara da shekaru, ba tare da ta fitar da faifai ko ɗaya a kasuwa ba. Sunanta Azna de l'Ader, wato Aznan Adar, jagoranta kuwa shi ne makaɗin jitar da aka fi sani da Mona. Labarin wannan ƙungiya ya shafi malaman lakkwal da ƙungiyoyin raya al'adu, daga Yamai har zuwa ƙauyukan Alakos, domin yana nuna yadda kiɗanmu yake ɓacewa da kuma hannun wanda yake tsinto shi.

Sunan ƙungiyar kansa abin dubawa ne. A ƙasar Adar da Arewa, Azna su ne mutanen da suka riƙe al'adun kakanni na noma da farauta da tsafi, kuma a bakin mutanen birni kalmar ba ta rasa ɗan raini. Samarin da suka ɗauki kayan kiɗan da ya fi kowane zama na zamani a lokacinsu, sannan suka raɗa wa kansu wannan suna, sun faɗi matsayinsu tun kafin su taɓa tsirkiya: kayan na baƙi ne, masu kiɗan kuwa ƴan ƙasa ne.

Abin da ya hana a san su ba rashin gwaninta ba ne. A Nijar ta wancan zamani, wurin ɗaukar sauti na kirki kusan ɗaya ne, shi ne gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel. Makaɗan Legas da Akara da Abijan suna da kamfanonin da ke buga musu faifai, namu kuwa sai dai a ɗauke su a kan zaren rediyo, a watsa, a mayar da zaren cikin kabad. A mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, sun ba makaɗa dandali da masu kallo. Gasar Ɗan Gurmu ta zo daga baya ta ƙara musu ƙarfi. Sai dai dandali daban, ajiya daban. An gina wurin da za a yi kiɗa, ba a gina wurin da kiɗan zai zauna ba. Ƙungiyar da ke nesa da babban birni kuwa, kamar Azna, ita ta fi kowa cutuwa da wannan giɓi.

Wanda ya buɗe kabad ɗin baƙo ne. Christopher Kirkley, Ba'amurke daga birnin Portland, ya kafa Sahel Sounds a 2009, kuma a 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwaso daga katin wayoyin salula na mutanen Sahara. A 2013 ya sake buga kiɗan Mamman Sani, wanda aka ɗauka a gidan rediyo a 1978 aka yi masa kaset ƴan kaɗan. Ƴan Nijar da yawa sun girma suna jin wannan kiɗan lantarki tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ba su san sunan mai shi ba. Ƴan shekaru bayan haka sai kamfanin ya tattara tsofaffin ɗaukar Azna ya fitar da su a faifai mai suna Zabaya, wanda shi ne faifansu na farko.

To, me ke cikin faifan? Abin da kunne zai fara kamawa shi ne muryar jitar, wadda aka shaƙe da gangan har ta yi kaushi, tana gurnani, tana kuka, tana jan sauti ɗaya har sai mai saurare ya ƙosa sannan ta sake shi. Wannan ne ya sa ake kwatanta Mona da Jimi Hendrix, makaɗin Amurka da ya rasu a 1970, kuma kwatancen yana da tushe. Amma wanda ya tsaya a nan ya ji rabin kiɗan ne kawai. A saurari abin da ke ƙarƙashin jitar: ganga ba ta sauka daga kan zango guda, tana maimaita shi tana ƙara masa zafi, kamar yadda makaɗan goge da ƙwarya suke yi a wajen bori har sai wanda zai hau ya hau. A saurari yadda murya take jefa magana kayan kiɗa suna karɓa, irin tsarin zabiya da ƴan amshinta. Bahaushen da bai taɓa jin sunan Hendrix ba zai gane inda zai sa ƙafa a wannan kiɗa. Darajar Azna tana nan: sun gano cewa hayaniyar jitar lantarki da zafin kiɗan gargajiyar Adar abu ɗaya suke nema a jikin ɗan Adam, sai suka haɗa su.

Faifan yana da nasa rauni, kuma bai kamata murnar samunsa ta rufe mana ido ba. Kiɗan dandali ne aka tsare a ɗaki; babu ƙura, babu guɗa, babu ƴan rawar da makaɗi yake kallo yana ƙara wuta ko yana ragewa. A wasu wurare jan jitar yana yin tsawo har waƙa ta ɓace a cikinsa, abin da a filin rawa ba zai dami kowa ba amma a zaune yana gajiyarwa. Bugu da ƙari, ƴan waƙoƙi ne aka tsamo daga aikin shekaru masu yawa, kuma duk mai zaɓe da kunnensa yake zaɓe. Kunnen da ya taso da kiɗan Amurka zai fi karkata ga abin da ya yi kama da wanda ya sani. Ba laifi ba ne, amma kada mu ɗauki zaɓin baƙo a matsayin cikakken hoton ƙungiyar.

Babbar tambayar ita ce ta mallaka. Sahel Sounds ya yi aikin da ya kamata a gode masa, domin in ba don shi ba da waɗannan waƙoƙi suna nan a rufe. Duk da haka, faifan garmaho da ake sayarwa a Turai da Amurka ba zai iso kasuwar Garazu ba, kuma malamin da ke koyarwa a ƙauyen Alakos ba shi da na'urar da zai sa shi. Sai ya zama ɗalibi a Jamus ya fi ɗan Gure sauƙin jin kiɗan Tawa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi; mu kuwa muna gida muka bar kayan gida.

Yankin Gure yana da nasa misalin da ya isa darasi. Malam Maman Barka, ɗan Taskar, malamin lakkwal ne kafin ya shahara da gurmi, kuma kaset-kaset ɗinsa sun zaga Nijar da arewacin Najeriya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masu kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya a hannunsa. Faifan biram ɗinsa ya fito a Ingila a 2009. Ya rasu a 2018. Mutumin da ya ceci kiɗan wasu, yau nasa kaset-kaset na farko sai an sha wuya kafin a same su. Malam Barka ya nuna cewa ba dole sai baƙo ne zai yi aikin ceto ba, malami ɗan ƙasa ma yana iyawa.

Zaren kaset ba ya jiran kowa. Zafin bazara yana sa ya manne, ƙurar hunturu tana cin sautinsa, rediyon da ya tsufa yana tauna shi. Waƙar da aka juye a katin waya kuma takan rasa sunan mai ita tun a hannu na biyu. Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyoyinmu ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A nemi kaset-kaset da ke cikin akwatunan gidaje da rumfunan tsofaffin masu juye waƙa, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da gari da shekara a kan kowanne. A zauna da dattawan da suka yi samariya su faɗi wa ya kaɗa, wa ya rera, a wane biki. A nemi yardar makaɗan ko iyalansu, domin haƙƙinsu ne. Malami kuma ya sa ɗalibansa su rubuta baitocin, su yi nazarinsu kamar yadda suke nazarin rubutattun waƙoƙi.

Azna sun yi sa'a, an tarar da zarensu bai mutu ba. Ƙungiyoyi nawa ne a Damagaram da Maraɗi da Gure suke jiran irin wannan sa'a? Gara mu tashi mu nemo su tun masu ba da labarinsu suna raye. Allah ya ba mu ikon yi.