Maginin da ya san hanyar iska

Da cutar korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, masana lafiya suka yi ta nanata cewa a buɗe tagogi, a rage cunkoso a ɗaki, taro kuma gara a yi shi a sarari. A Turai da Amurka sai da aka kashe maƙudan kuɗi wajen sake fasalin ofisoshi. Tsohon magini na Tasawa ko Mayahi kuwa, da ya ji wannan nasiha zai gane ta, domin da ita yake cin abinci tun yana yaron magini.

Kafin ya sa a haƙa tushe, sai ya tsaya a filin ya duba gabas. Daga can hadari ke tasowa da damina, ruwa yana dukan bango a karkace, saboda haka ba ya yawaita ƙofa ko taga ta nan. Hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas suke zuwa, a watannin da mura da sanƙarau ke kama mutane. Iskar damina mai sanyi kuma daga kudu maso yamma take busowa, ita yake buɗe wa hanya.

Inda gwanintarsa ta fi burge ni shi ne ƴan tagogin nan da yake bari can sama, dab da rufi. Iska mai zafi sama take hawa, har da numfashin mutanen da ke ɗakin. In ta sami kafa ta fice, sabuwa ta shigo ta ƙofa. A ƙofar sai a rataya asabari, ya tare rana da idon masu wucewa, iska kuwa ta ratsa. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, in ofis ne, lokacin ma'aikata sun riga sun tashi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, shiga ɗakin siminti mai rufin kwano ka fito ka shiga soron ƙasa mai azara, jikinka zai faɗa maka bambanci, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba.

Sai kuma tsarin zama. Zaure wurin aiki ne tun asali: nan ake sauraron ƙara, a yi ciniki, malami ya karantar, baƙo ya jira. A ganina biron magajin gari ko na ma'aikatan gona ya fi dacewa da wannan tsari fiye da dogon lungu mai ƙofofi a kulle. Ɗakuna su kewaye tsakar gida, kowa na ganin ƙofar ɗan'uwansa, a tsakiya a kafa rumfa, a ajiye randa da buta da sabulu a bakin shiga. Tabarmar shimfiɗa ba sai an je nesa ba, ga kaba nan a Gulbin Kaba, mata na saƙawa. In akwai gawo a filin, magini mai hankali ba zai bari a sare shi ba, tunda da rani yake ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa.

Wannan ilimi ya daɗe da samun shaida. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Alhaji Falke Barmu, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, aka kammala a 2018.

Ginin ƙasa yana da nasa sharaɗi: yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a duba gara a jikin azara. Hukumar da za ta gina irinsa sai ta ware kuɗin wannan gyara a kasafinta na kowace shekara, kuma ta kira magini tun ranar da ake zaɓen fili.