Gwanayen Haɗa Maganin Ƙwari da 'Ya'yan Bedi

A fadamun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mai lambun tumatir ko barkono ya san kuɗin feshi kan cinye ribar noman rani tun kafin kwandon farko ya isa kasuwa. Shi ya sa nake jinjina wa manoman da suka iya haɗa nasu maganin da bedi, wato dogon yaro ko darbejiya. Asalinsa daga Indiya yake, amma yau da wuya ka shiga ƙauyen da babu inuwarsa.

Gwani ba ya tsayawa kan ganye, 'ya'yan yake bi, don ƙarfin maganin yana cikin ƙwallo. Yakan tsinci waɗanda suka nuna suka zubo, ya wanke su, ya shanya a inuwa. Duk wanda ya yi fumfuna sai ya yar. In sun bushe, a sussuka a turmi, a sheƙe ɓawon, a kirɓa ƙwayar har ta yi laushi tana nason mai. Kimanin rabin kilo ake jiƙawa a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle, a sake tacewa, domin ɗan gari kaɗan ya isa ya toshe bakin famfon feshi. Sannan a narka ɗan sabulu a ciki, shi ke sa ruwan ya kama ganye maimakon ya zame. Wasu kan ƙara dakakken barkono da tafarnuwa.

Wurin fesawa ake gane wanda ya iya. Ba ya fita da tsakar rana, don zafinta na kashe ƙarfin maganin. Sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da ƙudan zuma ma ya rage yawo. Ka gan shi a sunkuye, yana juya bakin famfon sama, yana jiƙa ƙarƙashin ganye inda darɓa da farin ƙuda suke maƙalewa. Abin da ya tace yau, yau zai ƙarar da shi, bayan mako kuma ya maimaita.

Mai gaggawa kan ce bedi ba ya aiki, tunda bai ga ƙwari sun zube nan take ba. Ai ba haka yake kisa ba. Sinadarin cikinsa, azadiraktin, hana tsutsa cin ganye yake yi, ya kuma hana ta saɓa, sai ta kasa girma ta mutu bayan 'yan kwanaki. Don haka tun shuka na ƙarama ake farawa. Wanda ya ga ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a Katsina, Kano da Kaduna a 2016 ya san in ta riga ta shige cikin ganye, feshi ya makara.

Mai lambu, in bedi ya zubar da 'ya'ya, a daina share su da shara. A tara, a busar, a ajiye a buhun da iska ke ratsawa, kada a ƙulle su a leda.