Kwana Uku a Ƙofar Kanosa

Masu rubuta tarihin Turai suna da wani labari wanda ba su gajiya da maimaita shi in sun zo bayanin ƙarfin Ikilisiya a zamanin da. Cikin watan Janairu na shekarar 1077, Sarkin Jamus, Henri na Huɗu, ya ƙetare manyan duwatsu cikin tsananin hunturu, ya zo wani gida mai ganuwa da a ke kira Kanosa, a arewacin Italiya, inda Paparoma Giregori na Bakwai ya sauka. Kwana uku Sarki yana zuwa bakin ƙofa ba takalmi, ga ƙanƙara ta rufe ƙasa, yana sanye da tufafin masu tuba, kana aka buɗe masa aka yafe masa. Daga nan sai marubutan su ce, to, ga matuƙar ikon Paparoma, tun da sarki ya durƙusa.

Labarin gaskiya ne, amma hukuncin da suka yanke a kansa yana bukatar gyara.

Asalin rigimar kan naɗi ne. Manyan limaman Nasara, waɗanda a ke kira bishof, suna riƙe da garuruwa da gonaki da mayaƙa kamar hakimai, saboda haka sarki ya ke so ya zama shi ke ba su sanda da zobe, watau alamun sarautarsu. Giregori ya ce mai mulkin duniya ba shi da hannu a wannan. Da gardama ta yi zafi, a 1076 ya fitar da Henri daga jama'ar Ikilisiya, ya kuma kwance wa talakawansa rantsuwar biyayya. Nan fa manyan sarakunan Jamus, waɗanda dama suna jin haushinsa, suka sami abin da su ke nema. Suka ce in shekara ta cika bai sami gafara ba, ya sauka.

Mai karatu ya lura da kyau. Tsoron rasa gadon sarauta ya kai Henri Kanosa, kuma dabara ya yi, gama ya san limami ba ya iya korar wanda ya zo tuba. Da gafarar ta samu, hujjar maƙiyansa ta raunana. A 1080 Giregori ya sake fitar da shi, amma wannan karon abin bai ci ba. A 1084 Henri ya shiga birnin Rum da yaƙi, ya ɗora wani Paparoma nasa, wanda ya naɗa shi Sarkin Sarakuna. Giregori kuwa ya bar Rum, ya rasu a Salerno a 1085. Marubuta da yawa su kan bi ta kan wannan da sauri, domin yana ɓata musu daɗin labari.

Wanda ke neman inda ƙarfin Ikilisiya ya ke, sai ya bar ƙofar Kanosa ya duba abubuwan da ba su da armashin faɗi. Manomi yana fitar da ushirin amfanin gonarsa, ɗaya cikin goma, ya ba majami'a kowace shekara. Shari'ar aure da ta wasiyya a kotun limamai a ke yin su. Littafin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a Ingila a 1086 ya nuna wajen rubu'in ƙasar yana hannun Ikilisiya. Abin da ya fi waɗannan duka kuwa shi ne alƙalami. Yawancin masu iya karatu da rubutu mutanen Ikilisiya ne, su ke rubuta wa sarki wasiƙu, su ke tsare masa lissafi, har ma kalmar da mutanen Ingila ke kiran akawu da ita, asalinta sunan malamin majami'a ne. Sarki yana iya korar Paparoma guda daga Rum, amma in ya kori malaman nan, wa zai karanta masa takardar da aka aiko masa?

Haka kuma kada a zarce a ce hukuncin Paparoma barazana ce kurum. A 1208 Paparoma Inosan na Uku ya hana yawancin ibadun majami'u a Ingila baki ɗaya, saboda Sarki Yohanna ya ƙi karɓar babban limamin Kantabari da aka zaɓa. Sarkin ya daure shekara biyar, har yana cin dukiyar majami'u, amma da ya ga manyan ƙasarsa sun juya masa baya, Faransa kuma tana shirin kawo masa yaƙi, sai ya sallama a 1213, ya yarda ya riƙa biyan Paparoma gaisuwa kowace shekara. Nan ma, kamar a Jamus, hukuncin bai kama sarki ba sai da ya tarad da maƙiya a cikin gida.

Rigimar naɗin kuwa ba ta mutu a Kanosa ba. Sai a 1122, a garin Worms, ɗan Henri ya yi sulhu da wani Paparoma: Ikilisiya ta riƙa ba bishof sanda da zobe, sarki kuma ya ba shi ƙasar da zai riƙe.