Ƙwarashi da Mazari: Nazari Kan Saƙar Mata a Ƙasar Auduga

Da zarar iskar hunturu ta fara busar da leɓe a ƙarshen Nuwamba, ƙwarashi kan fito daga ƙasan adaka. A Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari, haka a Ƙanƙara da Sabuwa, za ka tarar da mace zaune a tsakar gida da hantsi, dunƙulen ulu a cinya, yatsu na kai da komo, tana hira ba tare da ta dubi hannunta ba. Hular jariri ce, ko safa, ko 'yar rigar sanyi, ko shawul na ranar suna. Mai ciki ta ba da aikinta tun da wuri, kaka ta sa a yi wa jika. Amma da an shiga Maris, rana ta buɗe, sai a naɗe ragowar ulun a soke ƙwarashin a jikinsa a ajiye. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Wa zai sa saƙa cikin wannan zafi?"

Wannan amsa ita ce abin nazarinmu. A ƙasar da sanyi bai cika wata uku ba, kuma auduga ke fitowa a bayan gari, me ya sa sana'ar saƙa da ƙwarashi ta zama ta sanyi kaɗai, da zaren da ba na ƙasar ba?

Baƙuwar sana'a

Sunan ma ya nuna asali. Kalmar ƙwarashi ta zo mana ta bakin Turawan Ingila, su kuma sun aro ta daga Faransanci, inda take nufin 'yar ƙugiya. Ulu ma haka: sunan gashin tumaki ne a Ingilishi. Saƙa da ƙugiya ɗaya ta yaɗu a Turai ne a ƙarni na 19, kuma a Ailan ta ceci gidaje da yawa lokacin yunwar da ta fara a 1845, inda mata suka riƙa saƙa leshi suna sayarwa. Abin lura shi ne, wancan leshi da siririn zaren auduga ake yin sa. Ke nan tun asali ƙwarashi bai da gaba da auduga.

A ƙasar Hausa sana'ar ta shigo ta ƙofar makaranta. Tun daga cibiyoyin karatun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, aikin allura da zare na cikin abin da ake koyarwa. Daga baya azuzuwan kula da gida da cibiyoyin koyar da sana'a na mata suka ɗauka, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987. Daga aji sai ta faɗa gidaje: ɗaliba ta koya wa ƙanwa, amarya ta koya wa facala, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ɗauki kwalliyar da ido.

Sai dai ta zo da kayanta a ka. Samfuran da aka fara koyarwa na ƙasar sanyi ne: safa, hula mai tuntu, riga mai kauri. Zaren da kasuwa ta kawo kuma, wanda har yau muke kira ulu, galibinsa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana da launi iri-iri, ba ya zuba, yana da sauƙin bi a hannun mai koyo. Da haka sana'ar ta zauna da kalandar da ba tamu ba.

Ƙasar kaɗa

Abin ya fi ɗaure kai idan aka tuna inda ake magana. Kudancin Katsina ita ce cibiyar auduga, ko kaɗa kamar yadda Katsinawa ke cewa. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don nemo wa masaƙun Lankasha auduga, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har mutanen Funtuwa suka mai da sunansa Bisije. An shigo da irin auduga na Amurka mai suna Allen a 1912, kuma a shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗa na cikin manyan dalilan shimfiɗa shi. Dattawa na tuna fuloti, inda ake awon auduga da kaka, da yadda kuɗinta ke aurar da 'ya'ya da sayen keke da rufin kwano.

Kafin duk wannan, audugar ta gida ce. A farkon zuwansu Turawa sun sha wahalar samun ta, domin masu kaɗi da masaƙan ƙasar Kano da Zazzau da Katsina kan biya manomi farashin da ya fi na kamfani. Kuma a tsakiyar wannan masana'anta mace take. Ita ke gurza auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe ta fitar da gurya. Ita ke shiɓa da baka har ta yi laushi. Ita ke kaɗi da mazari a cikin taskira, tana shafa alli a yatsa don kada zare ya zame. Daga hannunta siririn zare ke fita, da abawa mai kauri, su tafi wurin masaƙi su dawo a matsayin fari da saƙi da gwado da majanyi. Kuɗin zare ya yi wa mata da yawa kayan ɗakin 'ya'yansu ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Masaƙun zamani ne suka fara kashe kasuwar mazari: ta Kaduna a 1957, sannan saura, har da ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970. Zaren inji ya fi arha, ya fi daidaito, sai mata suka saki kaɗi. Sannan a 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga, harkar iri da farashi ta rikice, daga bisani yadin waje ya cika kasuwa, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Manomi ya koma masara da waken suya.

A nan bakin zaren yake. Lokacin da ƙwarashi ke shiga hannun jika, a lokacin mazari ke faɗuwa daga hannun kaka. Sun yi saɓani a soro, ɗaya na shiga ɗaya na fita, ba su ko gaisa ba.

Abin da jiki ya sani

Matar da ta ce ba a sa saƙa da zafi ba ta yi ƙarya ba. Ulu take nufi. Zaren roba ba ya shan gumi. A yanayi na yau da kullum auduga kan riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, shi kuwa zaren roba irin na ulu bai wuce kashi 2 ba. Saboda haka gumi kan kwanta tsakaninsa da fata, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar awo 40, hular ulu a kan jariri gayyatar ƙurajen zafi ce. Ga wani haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan wuta ta lashe shi narkewa yake ya manne wa fata, alhali matan da ke mu'amala da shi a gindin murhu suke wuni.

Auduga kuwa tana shan gumi ta sake shi ga iska, tana jure wanki da ruwan zafi da dukan sabulu, kuma tana ƙara laushi da tsufa. Wani abin kuma, tana karɓar baba. Za a iya tsoma ta a marina ta fito shuɗiya ko baƙa, abin da ulun roba ba zai taɓa yi ba. Shi kuma ƙwarashi gwanin barin ƙofofi ne. Da sarƙa da 'yan ginshiƙai ake tayar da raga, iska na ratsawa ta kowane ido. Saƙa irin wannan ba ta riƙe ɗumi. Inuwa ce mai numfashi.

Ba ma sai an je nesa neman shaida ba. 'Yar farar hular nan mai raga da maza ke kifawa a ka, wadda ake kira tashi-ka-fiye-naci, da malamai ke sawa ƙarƙashin rawani, alhazai kuma ke dawowa da ita tsaraba, saƙar zafi ce tsantsa. Muna sayen ta da yawa, amma mafi yawanta daga waje take zuwa. Haka hular da mata ke sawa ƙarƙashin hijabi, da jakar waya, da 'yar jakar hannu ta zuwa biki, da abin ɗaure gashin yara, da kwalliyar bakin gyale, da ragar rufe kwanon abinci don ƙuda a lokacin mangwaro. Duk ƙananan kaya ne marasa nauyi, masu cin zare kaɗan, waɗanda ake buƙata wata tara a shekara.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka komawa ga auduga abu ne na hura wuta kawai. Duk wadda ta gwada ta san zaren auduga ba ya miƙewa. Idan hannu ya matse sai saƙar ta yi tauri kamar faifai, wuyan hannu ya yi tsami. Yana rarrabewa a bakin ƙugiya. Ba ya ɓoye kuskure: ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, kowa zai gani. Siririn zare kuma sai siririn ƙwarashi, na milimita 2 ko ƙasa, maimakon na 4 da aka saba da shi a ulu, don haka abin da ake gamawa a yini sai ya ci kwana uku.

Zaren mazari yana da tasa matsalar. Murɗi ɗaya ne, don masaƙa aka yi shi. Idan aka saƙa shi haka nan sai aikin ya karkace gefe guda. Dole a haɗa biyu ko uku a sake murɗawa ta ɗaya hannun kafin ya zauna. Zaren auduga mai sheƙi da ake sayarwa don ƙwarashi kuwa, irin wanda aka jiƙa a sinadari bisa dabarar da John Mercer ya gano a 1844, kayan waje ne mai tsada, sai an aika Funtuwa ko Zariya ko Kano kafin a same shi.

Sannan ga babbar matsalar, wato farashi. Mai saye kan tambaya, "Yaya, ulu nawa zai ci?" sai a lissafa kuɗin zare a ɗora ɗan abin goro. Awannin da aka kwashe ana saƙa ba sa shiga lissafi, domin an ɗauke su lokacin banza ne tsakanin azahar da la'asar. Gefe guda kuma ga hular inji da ta gwanjo a kan tire, a farashin da bai kai kuɗin zare ba. Injin saƙar safa ya wanzu tun 1589, amma har yau babu injin da ke yin ainihin saƙar ƙwarashi yadda hannu ke yi. Wannan daraja ce, sai dai darajar da kasuwar ƙauye ba ta biya. Idan aka ƙara wahalar auduga a kan wannan tsari ba tare da an gyara farashi ba, an ƙara wa mata aiki ne kawai.

Sana'ar da ke shiga jaka

Ba za a yi maganar wannan yanki a tsallake halin tsaro ba. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa na cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. Sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 shi ne abin da duniya ta ji, amma mutanen ƙauyuka sun ga abin da ya fi haka yawa. An bar gonaki, iyalai sun koma Funtuwa da Bakori da Katsina, mata da yawa sun zama su ne uwa su ne uba. Wadda ta gudu da dare ba ta ɗaukar keken ɗinki ko injin markaɗe. Ƙwarashi kuwa yana shiga lalita. Ba ya son lantarki, ba ya son shago, ana yin sa da goyo a baya. Sana'a irin wannan, asara ce a bar ta tana barci kashi uku cikin huɗu na shekara.

Gyaran ba ya buƙatar babban taro. Masu koyarwa a cibiyoyin mata da makarantun Islamiyya su raba darasi biyu, na sanyi da na bazara, su koyar da saƙar raga da sassauta hannu. Masu gurza da kaɗin zamani a Funtuwa, waɗanda ke sayar da zare buhu-buhu, su gwada naɗa shi ƙananan dunƙule daidai aljihun mace. Masu saƙa su koyi ƙirga awa kamar yadda tela ke ƙirga ɗinki. Kayan da aka yi da zaren hannu aka rina da baba kuwa, kasuwarsu tana birni da waya, inda ake biyan aikin hannu don aikin hannu ne.

Amma abin da ya fi gaggawa yana cikin gida. Har yanzu a garuruwan nan akwai tsofaffin da yatsunsu ba su manta allin kaɗi ba, ko da mazarinsu ya shekara talatin soke a jikin rufin ɗaki. Kowace shekara suna raguwa. Cibiyar binciken noma ta Samaru za ta iya fitar da sabon irin auduga, ɗan kasuwa zai iya kawo sabon inji, amma yadda ake jan zare daga saɓi ba ya tsinkewa, wannan a hannu yake, kuma da hannu ake miƙa shi. Yarinyar da ta iya ƙwarashi ba sai ta shiga mota ba, tabarma za ta ja zuwa ƙofar ɗakin kakarta, ta ce, "Inna, ina mazarin nan naki?"