Shekarar Hidima: Talaucin Ganin Dama da Wanda Ke Cin Ribarsa

A Amurka akwai al'adar da ta haura shekara 70: matashi ya gama jami'a, ya jingine neman albashi, ya ba da shekara guda yana hidima don Allah, yana zaune gida ɗaya da wasu irinsa.

Tushenta Yaƙin Duniya na Biyu ne. Akwai majami'un da aƙidarsu ta hana ɗaukar makami, don haka daga 1941 zuwa 1947 mutum kusan 12,000 suka yi aikin farar hula maimakon soja. Waɗanda aka tura asibitocin masu taɓin hankali su suka tona asirin wulaƙancin da ake yi wa majinyata. Da yaƙi ya ƙare, matasan Majami'ar 'Yan'uwa, ɗaya daga cikin majami'un nan, suka ga bai kamata sai gwamnati ta tilasta ake yin hidima ba. A 1948 suka sa babban taron majami'ar ya kafa Brethren Volunteer Service. Wannan majami'a ce 'yan mishan ɗinta suka sauka Garkida a 1923, aikin da ya haifi majami'ar EYN.

Katolika suka biyo baya a 1956, lokacin da wasu matasa suka tafi koyarwa a makarantar kwana ta Copper Valley a Alaska. Daga nan Jesuit Volunteer Corps ta samo asali, bisa shika-shikai huɗu: ibada, sauƙin rayuwa, zaman tare da neman adalci. A Jamus ma, kiran da Fasto Hermann Dietzfelbinger ya yi a 1954 na ba da shekara guda ga jinya ya kai ga dokar ƙasa a 1964.

A Amurka tsarin kusan iri ɗaya ne. Da rana mai hidima yana makaranta, ko ofishin lauyoyin 'yan gudun hijira, ko masaukin marasa muhalli. Hukumar da yake wa aiki tana biyan kuɗin da za a ɗauki nauyinsa, shi kuma ya karɓi ɗan abin sayen sabulu, wanda a baya aka daɗe ana biyan kusan dala 100 a wata. Kuɗin cefane asusu ɗaya, girki bi da bi, kuma kowane mako akwai daren ibada da daren tattauna zaman gida.

A gidan nan ne tarbiyyar take. Tausaya wa baƙon da za ka rabu da shi da yamma ba wuya. Wuyar tana wajen haƙuri da wanda ya bar kwanuka ba wanki, ko ya ƙarar da kuɗin cefane kafin ƙarshen wata. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Waɗanda suka tsara al'adar da gangan suka haɗa aikin da zaman, domin mai wa'azin adalci a waje ya gwada shi kan tukunya ɗaya.

Sai dai akwai abin dubawa. Talaucin mai hidima yana da ranar ƙarewa, na maƙwabcinsa ba shi da ita. Wanda bashin karatu ya danne, ko iyayensa ke jiran albashinsa, da wuya ya iya sadaukar da shekara, shi ya sa 'ya'yan masu hali suka fi cika gidajen. Yaran makarantar kuwa, da sun shaƙu da malami sai ya tafi, wani sabo ya zo yana koyon sunayensu.

Saboda haka gaskiyar ita ce mai hidima ya fi unguwar cin riba. Wannan ba aibi ba ne idan an amsa shi, aka bar ragamar aikin a hannun 'yan unguwa, baƙo ya zo a matsayin ɗalibi. Ribar talakawa tana zuwa daga baya, in lauyan ko likitan da ya yi wannan shekara ya zaɓi wa zai yi wa aiki a sauran rayuwarsa. Da wannan ya dace a auna kowane shiri irin wannan.